Fuskar Wanzami

Saura kwana uku.
An ɗauke wuta tun la'asar a Ƙofar Marusa,
daga ni sai fitilar waya
da littafin da miyar kuka ta ɗiga wa a shafi na tara.
Fata hawa uku ce, in ji shi:
ta sama mai mutuwa kullum tana sakewa,
ta tsakiya inda gumi da gashi suka yi gida,
ta ƙasa mai kitse, katifar sauran.
Na haddace. Na rufe ido.
Suka watse kamar kajin da aka jefa da takalmi.

Malama Ladidi ta ce ba a nan ake faɗuwa ba.
A wanke hannu ake faɗuwa.
A manta tambayar mace, me kike shafawa da dare?
A ga kyasbi ko makero a ce na iya,
maimakon a ce, Hajiya, wannan na likita ne.
A ɗora sabon haɗi ba a gwada bayan kunne ba
a jira kwana guda.

Hajjo ce ta yi alkawarin ara mini fuskarta,
sai ga saƙo: an tafi suna Batagarawa.
Na zauna da ruwan zafi yana hucewa,
tawul uku, auduga, safar hannu,
ba kowa.

Daga zaure Baba ya yi gyaran murya.
Shekara arba'in da zabira a kafaɗa,
rabin kawunan unguwar nan sun san askarsa,
ya cire belu, ya yi ƙaho, ya yi kaciya,
ba wanda ya taɓa cewa ina takardarka.
Yanzu hannun na rawa, ko allura ba ya zarewa.
Ya ce, Tasalla, fuska kike nema?
Ga wata nan, ba ta da aikin yi.

Ni ce auta, amma kunya ba ta san auta ba.
Na wanke hannu har gwiwa, ina ƙirgawa a zuci.
Ya kwanta a tabarma, ya cire hula,
ya rufe ido kamar mai jiran a yi masa aski.
Ban taɓa ganin fuskar nan daga sama ba.
Busasshiya a kumatu, mai maiƙo a hanci,
littafi ya ce gauraye ke nan.
Littafi bai ce komai ba kan zanen da kakana ya tsaga
yana ɗan kwana bakwai,
ko kan tabon da ke gefen gira,
na jakin Mani, ranar kasuwa.

Na ɗora tawul mai ɗumi.
Ya ce, kin gwada a hannunki tukuna?
Ban gwada ba.
Ya ce, to an kada ke. Sake.

Na sake. Yatsuna suka bi daga haɓa zuwa kunne,
sama, sama, ba a jan fata ƙasa.
Ya ce, sassauta, ba tuwo kike tuƙawa ba.
Fata tana magana kafin mai ita,
in ta ɗaure, tsaya.
Wannan ma ba ya cikin shafi na tara.

Can sai numfashinsa ya yi nauyi.
Na bar shi. Na tafasa kayan aiki,
na jera su kan tsumma fari yadda za a duba,
na maimaita hawa uku, suka zauna.

Da aka kira isha'i ya tashi yana shafa kumatu,
ya ce yau 'yan sahu ba za su gane shi ba.
A bakin ƙofa ya juyo:
In sun ba ki takardar,
ki rataye ta a ƙusar da zabira take.
Akwai wuri.

Saura kwana uku.
Kuɗin Napep na ƙulle a bakin zane,
farar riga na kan igiya, ba ta bushe ba.